Zuwa Ga Ƙannena Na Anka, Gummi Da Bukkuyum: Ku Kai Iyayenku Su Sha Iskar Dutse

Ƙannena da 'ya'yana, akwai abin da aka raba ku da shi tun ba ku mallaki hankalin kanku ba, kuma ban ji ana zaunar da ku ana gaya muku ba. An raba ku da daji. Yaron da ya tashi a Duza ko Bagega ko Nasarawar Burkullu a 'yan shekarun nan, in ya ji an ce daji, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ƙugin babura da ƙarar bindiga da maganar kuɗin fansa. In aka ce dutse kuwa, sai ya tuna rami da guduma da buhun da ake kai wa inji a niƙa don neman zinare. Iyayenku ba haka suka tashi ba. Sun shiga daji sun sha ɗinya da kanya, sun roro kaɗanya da damina, sun bi manya farauta da rani, sun san kukan kowane tsuntsu da lokacin da yake yin sa. Ku tambaye su, za ku ga yadda fuskarsu ke sauyawa.

Saboda haka nake so in ba ku wata shawara da wani zai ji ta kamar ta wanda bai san halin da ake ciki ba. Ku sa a ranku cewa wata rana za ku haɗa kuɗi ku ɗauki iyalinku a mota, da tsoho da tsohuwa da ƙanne, ku kai su su ga dajin da aka tsare da dutsen da aka bari a tsaye. Na san amsar da ke bakinku: ana ta kai, wa yake ta kaya? Gaskiya ne, kuma ban ce a bar gero a gona a tafi yawo ba. Amma mutumin da bai taɓa ganin lafiyayyen daji ba, ranar da zaman lafiya ya dawo ba zai san abin da zai nema a gyara masa ba. Ku ne za ku riƙe ƙasar nan a lokacin, don haka ku nake so ku gani.

Wurin da nake nufi shi ne gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakarmu da Kamaru. Shi ne mafi girma a gandayen dajin Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a shekarar 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti ta mai da su guda. A cikinsa ne dutse mafi tsawo a ƙasar nan yake, wato Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Akwai kuma Chappal Hendu, wanda Fulanin wurin suka raɗa wa sunan iska saboda yadda take kaɗawa a kansa. Arewacin gandun fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda idonmu ya saba da shi. Kudancinsa kuwa wata duniya ce: kurmi mai duhu a cikin kwaruruka, koguna masu sanyi da ba sa ƙafewa, sai tuddai masu ciyawa can sama inda gajimare ke shafar ƙasa. Akwai ɓauna da mazo da gada da dorina da kada, da tsuntsaye sama da iri 500, da kuma birin nan mai kama da mutum wanda mutanen wurin ke kira biri mai ganga, domin yana dukan saiwar manyan itatuwa har a ji amon daga nesa. Titin da ya tashi daga Serti, inda ofishin gandun yake, ya bi gefen dajin zuwa Mayo Selbe, daga nan ya fara murɗewa yana hawa tsaunin Mambila har Maisamari da Nguroje da Gembu.

Na san akwai na kusa. Dajin Kuyambana na ƙasar Ɗansadau namu ne, kuma ya haɗa iyaka da gandun Kamuku na Birnin Gwari. Amma duk mun san waɗanda suka mamaye su, kuma ba zan aika kowa can da mahaifiyarsa ba. Shi ya sa na nuna muku nesa.

Me ya sa na ce da iyali, ban ce ku tara abokai ku cika mota ba? Domin samari biyar a mota ɗaya tsere suke yi, kowa na zuga direba, su je su dawo ba su ga komai ba sai fuskokinsu a waya. In akwai tsohuwa a kujerar baya, dole ƙafa ta sassauta a kan totur. Ban da haka, ku duba iyayenmu mata. Da yawansu tafiyar da suka sani ita ce ta biki, ta gaisuwar mutuwa, ta jinya a asibitin Gusau ko Sakkwato, a 'yan shekarun nan kuma ta gudun hijira da ƙullin kaya a ka. Ba su taɓa yin tafiyar da aka ce musu, "Inna, zauna ki huta, kallo kawai muka kawo ki" ba. Wannan bashi ne a kanku. Kuma ribar ba tasu kaɗai ba ce, domin tsohon da kuke ganin ya daina magana a gida, in ya ga madobiya da kirya da marke a tsaye da girmansu, bakinsa zai buɗe. Zai gaya muku wanne ake sassaƙa turmi da shi, wanne ake jiƙa sassaƙensa a sha, inda irinsu suke a bayan garinku kafin a sare. Ba za ku sami wannan a makaranta ba, kuma in ya tafi ya tafi da shi.

To, maganar hanya. Daga Anka zuwa Serti ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Za ku fita ta Mayanci zuwa Gusau, ku bi Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya, ku nufi Bauchi da Gombe, ku tsallaka Binuwai a Numan, ku sauka Jalingo, sannan Bali, sannan Serti. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kuma kada wani mai zafin kai ya ce muku zai iya kashe ta a zama ɗaya. Ku yanka ta zango-zango, ku san gidan da za ku kwana a kowane gari tun kafin ku tashi. Wajen da ya fi haɗari a tafiyar duka yana iya zama na ƙofar gida, wato daga garinku zuwa Funtuwa. Direbobin tasha sun fi kowa sanin labarin hanya na ranar, don haka ku je da kanku da safe ku tambaya, kada ku dogara da labarin jiya. Kada ku yi sammakon da ya riga jami'an tsaro fita, kada kuma magariba ta same ku tsakanin gari da gari. Haka za ku sake tambaya a Jalingo kafin ku kama hanyar Bali, ku kuma kira ofishin gandun ku ji halin da ake ciki. In manya suka ce bana hanya ba ta yi ba, ku haƙura sai baɗi, dutsen ba gudu zai yi ba. Abu ɗaya kuma da nake roƙonku: ku kame hannunku daga Facebook da TikTok. Sanar da duniya cewa gidan wane sun tafi, ga motar da suka shiga, ga garin da suka kwana, sakaci ne da ran mutanen da suka amince da ku. Hoto ba ya ruɓewa, ku bari sai kun dawo.

Kuɗin tafiya kuwa a tara shi, kada a ranto shi. Adashi tsakanin 'yan'uwa, ko buhu ɗaya da kowa zai ware da kaka, ya fi a dawo ana ɓuya wa mai bashi. In ƙarfinku bai kai Taraba ba, gandun dajin Yankari na kan hanya, ana ratsewa daga titin Bauchi zuwa Gombe. A can akwai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, sai dai babu hawan tsauni irin wanda nake son ku gani.

Kafin ku tashi, ku kai mota wurin bakaniken da kuka yarda da shi, ku tsaya a kansa. A duba birki gaba da baya, a sauya man birki in ya tsufa, a duba lagireto da fanbel da kuloci. Taya mai sanƙo a cire ta, safaya kuma a tabbatar da iska a cikinta, da jak da sifana. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Daga Gummi zuwa Gusau babu hawan da zai gwada mota, shi ya sa motar da ke da lalura za ta iya shekara tana kai mutane kasuwa ba a gane ba. Tsauni ba ya rufa wa mota asiri.

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake rasa rayuka. Hawa yana da wuya, amma gangara ta fi shi kisa. Wajen hawa, ka sa ƙaramar giya, ka bar inji ya ja a hankali, idonka na kan allurar zafi. In ta tashi, ka nemi fili ka tsaya, ka sa dutse a bayan taya, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tafasasshen ruwa ne zai wanke maka fuska. Wajen saukowa kuwa, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Akwai wata mummunar ɗabi'a ta direbobinmu, ta sakin mota firi a gangara, wani har ya kashe inji wai yana tattalin mai. A kan tsauni wannan ganganci ne da rai. In ka ɗora nauyin mota cike da mutane a kan birki kaɗai, ƙarfen yana ɗaukar zafi, takalmin birki ya daina kamawa, man da ke cikin bututu ya tafasa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa babu komai. In mota na cikin giya ɗaya ko biyu, inji ne ke riƙe ta, birki taimako kawai yake yi, ka taka ka saki.

Na ga irin wannan a gindin hawan Mambila. Wata ƙaramar mota ce a gefen titi, hayaƙi na fita daga tayar gaba, warin ƙuna ya cika wurin. Direban, saurayi ne kamar ku, yana fasa ledar ruwa da haƙori yana tsiyayawa a kan ƙarfen, ruwan na tashi da ƙara. Matan gidan sun fito sun zauna a kan ciyawa, wata ta rungume jariri tana ta salati, hannunta na rawa. Wani dattijon direban babbar mota ya tsaya, ya riƙe hannun yaron ya ce, "Ɗana, daina zuba ruwan nan, za ka lanƙwasa ƙarfen. Bar shi ya huce da kansa. Da giya nawa ka sauko?" Yaron ya sunkuyar da kai. Allah ne ya tsare, birkin ya kai su ƙasa kafin ya saki.

Sauran ladubban kwana sanannu ne, amma a kan tsauni ba su da sassauci. Ka tsaya a hannunka ko da kana ganin babu kowa, ka danna oda kafin kwanar da ba ka hango bayanta, kada ka wuce wata mota a inda titi ya lanƙwashe. In kun yi kiciɓis a matsatsi, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya, domin mai hawa in ya tsaya tashi na yi masa wuya. In hazo ya rufe, wanda yakan faru da sassafe a can sama, ka kunna fitila ka rage gudu, ko ka sami wuri ka jira rana ta ɗaga.

Sai iska. Za ku ce mu da muka sha hunturu, wace iska za a gaya mana? Iskar hunturu da ke ɗebo ƙura daga Sahara ta zubo mana a Disamba da Janairu tana tafe ne a fili, ana jin zuwanta. Ta tsauni dabam take. Idan iska ta ci karo da dutse, ba ta da wajen bi sai ta sama ko ta tsakanin duwatsu, sai ta matsu ta ƙara gudu, kamar yadda ruwan Gulbin Zamfara ke ƙara ƙarfi in ya zo ƙarƙashin gada. Can sama kuma ciyawa ce zalla, babu itatuwan da za su kare. Shi ya sa za ka fito daga kwanar da dutse ya yi maka katanga, iska ta bangaji mota daga gefe ba zato. In kun jibga kaya a kan rufi, katifa da buhuna da tabarmi, kun ba ta abin kamawa ke nan. Kaya masu nauyi su shiga but, na sama ya zama kaɗan kuma a ɗaure shi tam, a riƙa duba igiyar duk inda aka tsaya. Sitiyari kuma hannu biyu. In za ku tsaya kallo, ku juya gaban mota ya fuskanci iska, kuma babba ya riƙe ƙofa kafin yaro ya fita, domin iska na fizge ƙofa ta karya ta, ko ta maido ta a kan yatsun yaro.

Kayanmu ma sai an kula. Babbar riga da dogon hijabi suna cika da iska su ja mutum, saboda haka kada kowa ya matsa bakin rami da su, balle don ɗaukar hoto. A wata tsayawa da muka yi a kan hanyar Nguroje, iska ta ɗauke hular wani ƙaramin yaro a cikinmu, sabuwar hula da aka saya masa da salla. Hular ta gangara tana birgima a kan ciyawa, yaron ya zabura zai bi ta. Kakarsa, wadda tun safe take kukan ciwon gwiwa, ban san lokacin da ta cafke wuyan hannunsa ba. Ta ce, "Bar ta, ɗan nan. Hula ce, akwai ta a kasuwa." Yaron ya yi kukansa ya share hawaye. Da muka leƙa, taku kaɗan bayan inda hular ta ɓace, ƙasar ta yanke ne tsaye. Ciyawar tsauni tana ɓoye baki, kuma tana da santsi in akwai raɓa. Duk wanda ya kai shekara goma sha biyar a cikinku, a ba shi ƙaramin yaro ɗaya da zai riƙe, a ce wannan amanarka ce har a koma mota.

Sanyin wurin kuma kada ku raina shi. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kimanin digiri 6, ga tsaunin Mambila yana kai mita 1,600 a yawancin wurare, alhali garuruwanmu ba su kai mita 500 ba. In iska ta haɗu da wannan sanyi, tana zuƙe ɗumin jiki da sauri, kuma tsofaffi da jarirai ne ke fara jigata. Ku tafi da rigunan sanyi da safa da barguna da man shafawa, da maganin duk wanda ke da asma ko hawan jini. Ga gargaɗi da babbar murya: kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar da ruwa, sannan a shiga. Wutar da aka bari a fili ma, ko guntun sigari, iskar nan na iya kai ta cikin busasshiyar ciyawa ta cinye tudu guda kafin a ankara.

Zaman cikin mota shi ma ibada ne in an gyara niyya. Sunna ta koyar da matafiya su naɗa shugaba a tsakaninsu, to ku naɗa, kuma in ya yanke magana a bi, ko da kai ne ka fi kowa zuba kuɗi. Za a gaji, yara za su yi rigima, wani zai yi amai a kwane-kwanen nan. Ku tanadi leda da citta, mai jin jiri a sa shi gaba ya riƙa kallon nesa, a hana shi duba waya. In kunne ya toshe wajen hawa, haɗiyar yawu ko hamma na buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono. In Baba ya ce a tsaya zai kama ruwa, a tsaya ba tare da tsaki ba, ko yanzu aka tashi. Ku tambayi malaminku hukuncin sallar ƙasaru kafin ku fita. An kuma ruwaito cewa sahabbai kan yi kabbara in suna hawa tudu, su yi tasbihi in suna gangarawa. Ku koya wa ƙannenku wannan, za ku ga yadda yake kwantar da hankalin mai tsoro a cikin mota. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare da yawa, don haka lambobin da kuke buƙata ku rubuta su a takarda.

In kun isa Serti, ku fara da ofishin gandun. A rubuta sunayenku, ku biya abin da aka yanka, a haɗa ku da ma'aikacin da zai yi muku jagora. Hanyar cikin dajin ba ta ƙaramar mota ba ce, akwai rafuka da ake ratsawa, manyan tuddan kuma da ƙafa ake hawansu, don haka ku bar tsofaffi a inda jikinsu zai iya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin ruwan da ke sauka a kudancin gandun ya kusa ninka namu, kuma da damina koguna kan datse hanya. A ciki babu farauta, babu harbin tsuntsu da danƙo, babu sarar ko da sanda. Kada ku jefa wa birai abinci, yana koya musu ƙwace. Kada kowa ya shiga ruwa sai jagora ya ce a shiga, saboda kada da dorina. Ledar da kuka shigo da ita ku fita da ita. Ku kuma rage murya, dabba na jin ku tun kafin ku gan ta. Mai yiwuwa ku gama kwanakinku ba ku sa biri mai ganga a ido ba, domin yana da gudun mutane, har masu binciken da suka kafa sansani a dajin tun shekarar 2000 sun sha wuyar ganinsa. Kada wannan ya ɓata muku rai. Ku dubi sawu a bakin rafi, ku dubi sheƙar da yake yi da rassa a kan itace don kwana, ku saurari dajin da asuba.

Mutanen wurin kuma ku girmama su. Akwai Fulani makiyaya a kan tuddai, akwai Jibu da Ndoro da Mambila da Kaka, akwai Musulmi akwai Kirista. A kan tsaunin Fulatanci ya fi Hausa tafiya, don haka ku koyi gaisuwa ko kaɗan ce. Kada ku ɗauki hoton mutum ko matarsa ko shanunsa sai da izini. Yankin yana da tarihi da mu: Jamusawa ne Turawan da suka fara mulkinsa a ƙarƙashin Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen suka zaɓi shiga Nijeriya. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi ɗawainiya sosai a kan haka, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke ciki ake kiran ta Sardauna. In kun hau, ku biya ta Kakara ku ga gonar shayi, ku saya wa na gida tsaraba.

Akwai abin da nake so ku tsaya ku kalla da kyau, ya fi dabbobin ma. Ku kalli ruwan. Kurmin da ke kan waɗannan duwatsu yana tare ruwan sama, ƙasa ta sha, sannan ta riƙa sakinsa a hankali duk tsawon rani. Daga nan kogin Kam da 'yan'uwansa ke tasowa su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, manoma da masunta da makiyaya masu ɗimbin yawa na ci daga ciki. Dutsen da ba a fasa ba ma yana ciyar da mutane. Mu kuwa mun ga ɗaya fuskar. A shekarar 2010, lokacin da wasunku ke goye, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙa su inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, aka zuba sabuwa, Bagega kuma sai a 2013, likitocin ƙungiyar MSF suka yi shekaru suna jinyar waɗanda suka rayu. Ba na zargin wanda ya shiga rami, na san talauci ne ya tura shi. Amma in har kana wannan sana'a, kada dutse ko ƙurarsa su shigo gida, ka yi wanka ka sauya tufa kafin ka ɗauki yaro.

Kada kuma ku zaci Gashaka aljanna ce. Su ma suna fama da masu sarar madobiya da ake fitarwa ƙasashen waje, da mafarauta, da masu haƙar ma'adinai, da rikicin kiwo. Bambancin shi ne akwai masu tsayawa. Tun 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors, ana ɗaukar 'ya'yan yankin ana horar da su aikin tsaron daji. Ku zauna da jagoranku ku tambaye shi yadda ya sami aikin da abin da ya karanta. Kuyambana ma wata rana za ta buƙaci irinsa, kuma zai zama abin kunya a ce sai an ɗauko daga wata jiha. Akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a New Bussa ta jihar Neja, akwai sashen nazarin gandun daji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Masu shirin cike fom na JAMB, maza da mata, ku sa su cikin lissafi, ba kowa ne zai zama likita ko lauya ba.

Ku kira taron 'yan'uwa bayan an gama girbin bana, ku buɗe asusun tafiyar, ku ba mai amana a cikinku ya riƙe. Wanda ya iya tuƙi ya nemi tsohon direban da ya san tsauni ya koya masa saukowa da giya tun yanzu. Sannan ku je ku durƙusa gaban Baba da Inna ku nemi izini da albarka, in sun yarda ku sa rana. Allah ya buɗe mana hanyoyinmu, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.